Sili Takwas Zuwa Ɗakin Yaya

Shekara talatin da huɗu Baban Waya ya yi yana hawa falwaya yana haɗa wa mutane wayar tarho, har ya yi ritaya. Bai daɗe a gida ba tarhon ma ya bi sahunsa, kowa ya koma wayar hannu. Suna dai ya maƙale masa, aikin ne babu. Akwatin kayan aikinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin gado, duk wata sai ya jawo shi ya shafa wa filayoyi mai, ya goge sukundireba, ya mayar. Idan soket ya ƙone a gidan ko fanka ta tsaya, kafin ya gama laluben tabarau ɗansa Auta ya riga ya kira mai gyara.

"Baba, ka huta," haka suke ce masa. Duk duniya babu maganar da ya tsana irin wannan, don shi dai bai taɓa gaya wa kowa ya gaji ba.

A ɗakin baya, can ƙarshen tsakar gida, wansa ne yake zaune. Kowa Yaya yake kiransa, har jikoki. Tsohon direban babbar mota ne, gwiwoyi sun kama shi, amma bakinsa lafiya ƙalau. Tun suna yara bai taɓa barin ƙanensa ya sha ruwa da daɗi ba. Da ƙanen ya fara aikin waya ya raɗa masa Ƙadangare, wai saboda hawan falwaya, kuma har yau da furfura ta game kawunansu bai sauya ba. Shi kuma Baban Waya idan abin ya ishe shi sai ya tambaya a hankali, wai har yanzu ana iya ganin albasar nan da wani direba ya zubar a rami da motarsa shekara arba'in da suka wuce? Haka suke, ba su iya wata hira ba.

Auta ne ya jawo maganar. Ya ba Yaya tsohuwar kwamfutarsa don ta ɗebe masa kewa, a ciki kuwa akwai wasan tseren mota. Cikin wata biyu tsoho ya ƙware, da yatsa huɗu yake shan kwana yana yi wa motocin ciki faɗa kamar suna jinsa. Ran wata Lahadi ana zaune a falo bayan an ci abinci, ya dogara sandarsa ya ce shi fa ya gaji da cin na'ura.

"Na'ura ba ta jin haushi. Ka wuce ta ka waiwaya, ko a jikinta. Ni mutum nake so in ci, wanda zan ga idonsa ya yi ja." Ya faɗa yana kallon ƙanensa ta gefen ido.

Auta ya ce ai abu ne mai sauƙi, wasan yana karɓar mutum biyu idan an haɗa kwamfutar Yaya da ta falo. Idan aka haɗa ma Yaya zai samu intanet a ɗakinsa, ya riƙa ganin 'yarsa da jikokinsa ba sai ya ja ƙafa zuwa falo ba. Matsalar dai akwatin intanet ɗin nan mai ƙaho biyu da ke kan kabad, ƙarfinsa ba ya keta bango uku, kwamfutar Yaya kuma tsohuwa ce, ba ta kama komai ta iska. Sai an ja waya daga bayan akwatin har ɗakin.

"Gobe zan yi tafiya, amma Asabar idan na dawo sai in kira mai gyara ya ja."

Baban Waya ya ajiye kofinsa. "Ya ja me?"

"Waya, Baba."

"Waya. A gidan nan za a kira wani ya ja waya, ina numfashi?"

"Ba irin taku ba ce, Baba, wannan ta kwamfuta ce."

"Da jan ƙarfe a cikinta ko babu?"

Auta ya sosa ƙeya ya ce akwai. Matarsa, wadda take tattara kwanuka, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi fuskar surukinta, ta rufe. Mama, matar Baban Waya, ta ce a bar shi ya gwada mana, tunda dai ba wuta ce a ciki ba balle ta ja shi. Aka tsaya a kan haka: yana da daga Litinin zuwa Juma'a, idan Asabar ta yi babu labari, mai gyara zai zo.

"Ba girin-girin ba, ta yi mai," in ji Yaya, ya miƙe da ƙyar yana dariya.

Litinin da sassafe ya auna da taku, ya sake aunawa da tef, ya tafi shagon kayan kwamfuta. Ya sayo waya mita arba'in, da kawunan roba goma masu haske kamar gilashi waɗanda ake maƙalawa a bakinta, da filayar da ake matse su. Mai shagon ya ce ya bari ya matse masa kawunan a nan, minti biyu ne. Baban Waya ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai koya wa kifi iyo, ya karɓi ledarsa ya fita.

Maganar gaskiya, jan wayar nan ya yi kyau. Ya bi ƙasan silin ɗin falo, ya huda jikin taga daidai kaurin wayar, ya bi katangar tsakar gida ta ƙarƙashin inuwar kwano don kada rana ta cinye ta. Duk taku ɗaya ƙusa ɗaya, babu inda ta lanƙwashe, babu inda ta yi ciki. A kowane ƙarshe ya naɗe rarar kamu biyu ya ɗaure, yadda ya saba, domin wanda zai zo gyara wata rana ya samu abin yanka. Mama ce take riƙe masa tsani.

"Ka sauko haka, Malam. Rabonka da tsani tun Auta yana firamare."

"Riƙe dai. Na hau abin da ya ninka wannan sau biyar ana ruwan sama."

"Lokacin ai ba ka shan maganin hawan jini."

Ya ci gaba da bugawa, ƙusa uku a bakinsa. Amma a ransa wani daɗi yake ji wanda ya manta da irinsa. Da ya sauko kafaɗunsa suna ciwo, ciwon ma daɗi ya yi masa.

Talata ya zauna a ƙasan falo ya shimfiɗa tsumma ya jera kayan aiki. Ya feɗe bakin wayar, sai ga sili takwas, biyu-biyu a murɗe da juna, kowane launi da abokinsa fari mai ratsi. Shuɗi, ruwan goro, kore, ruwan ƙasa. Saura kaɗan ya gaishe su da baki, don kuwa su ne dai launukan da ya yi rayuwarsa da su a saman falwaya, kuma jerinsu ko cikin barci aka tashe shi zai kawo: shuɗi ne farko, ruwan goro na biyu, kore na uku, ruwan ƙasa na huɗu. A wurinsu waɗannan biyu-biyun tagwaye ake ce musu, kuma babban zunubi a aikin tarho shi ne raba tagwaye. Ka ɗauki silin wannan ka haɗa da na wancan, sai mai gida ya ɗaga tarho ya ji maƙwabciyarsa tana zagin mijinta. Ya kori masu koyon aiki fiye da ɗaya daga kan falwaya saboda wannan.

Matar Auta ta shigo da shirin fita aiki, jakarta a kafaɗa. A wani asibiti take aiki, a ofishin kwamfuta. Abin da Baban Waya ya sani ke nan, kuma a tunaninsa buga takardu take yi. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta ya sauka kan silin da ya jera tsakanin yatsunsa.

"Baba, su waɗannan akwai yadda ake jera launukansu…"

"Akwai kuwa, 'yata. Tun ba a haifi mijinki ba nake jera su. Je ki kada ki makara."

Ta ce, "To Baba, Allah ya ba da sa'a," ta fita.

Ya zura su cikin kan roba, kowane ɗan tagwaye kusa da ɗan'uwansa, ya matse, ƙas. Ya je ɗakin Yaya ya yi wa ɗaya bakin daidai yadda ya yi wa na farko. Ya soka a bayan kwamfuta, wata 'yar fitila ta kawo kore. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗauke. Ta kawo, ta ɗauke, ta kawo.

"Sigina take ba ka, za ta sha kwana," in ji Yaya daga kan gado.

Duk da haka suka gwada. Baban Waya ya koma falo ya zauna gaban tasa kwamfutar, suka buɗe tagogi don su riƙa jin juna ta tsakar gida. Motoci biyu suka bayyana a layi, ja da fara. Aka ƙirga uku suka tashi, ba su kai kwanar farko ba komai ya daskare. Da abin ya saki, motar Yaya tana tsaye cikin wani tafki, ta Baban Waya kuma ta ɓace gaba ɗaya. Sannan wasan ya rubuto cewa abokin wasa ya fita.

"Ƙadangare, ina ka gudu? Ko fitsari ne ya kama ka?" Muryar Yaya ta ratso tsakar gida, har Mama ta ji a kicin ta yi dariya.

Laraba ya yanke kawunan biyu ya sake sababbi, ko wani sili ne bai kai ƙarshe ba. Ba ta sauya zani ba. Ya fito da tsohuwar mitarsa ta awon wuta ya gwada silin ɗaya bayan ɗaya, Mama tana riƙe da ɗaya bakin tana cewa hannunta ya gaji. Takwas ɗin nan duka allura ta motsa. Babu wanda ya tsinke, babu wanda ya taɓa wani, na ɗaya yana zuwa na ɗaya, na takwas yana zuwa na takwas. A ilimin da ya sani wannan waya lafiyarta ƙalau, sai dai fitila ba ta san da haka ba.

Alhamis ya ɗora laifin a kan firij, ya ce ita take jefa wa wayar hayaniya, ya cire ƙusa goma sha biyu ya kewaye ta. Ya mayar da laifin kan kwamfutar Yaya, ya buɗe ta ya hure ƙura har ya yi atishawa bakwai. Ya sake yanke kawuna ya sake matsewa, saura huɗu a leda. Yaya kuwa abin nema ya samu. Ya ce da ya sani da igiyar shanya aka ja masa, ko ba komai ya rataya singileti. Ya ce yanzu ya gane dalilin da tarho ya mutu a duniya.

Da yamma Baban Waya yana zaune a bakin ƙofar falo, filaya a cinyarsa, ya ji Mama a ɗaki tana waya da Auta da murya ƙasa-ƙasa. "A'a, kada ka ce masa komai. Ka dai gaya wa mai gyaran ya zo da wuri, in ya so sai in aike shi wani wuri kafin a gama." Za a aike shi kamar yaro, don kada ya ga wani yana gyara abin da ya gagare shi. Tsoro ne ya kama shi sosai, tsoron cewa watakila gaskiyarsu ne da suke cewa ya huta. Ya dubi hannayensa, ya ga 'yar rawar da suke yi wadda ya daɗe yana yi kamar bai gani ba.

Juma'a da safe ranar ganin likitansa ce, babu yadda zai yi, ya tafi. Layi ya yi tsawo, bai dawo ba sai da rana ta take. Ko hula bai cire ba ya leƙa bayan akwatin intanet don ya ga abokiyar gabarsa. Ya sa yatsa ya ɗan danna kan robar, sai ya ga fitila kore shar, tsaye cak. Ya ƙirga goma, tana nan. Ya ƙirga hamsin, tana nan.

"Ashe dannawa take so," ya faɗa a hankali. Sai kuma da ƙarfi: "Yaya, kunna motarka!"

Ranar an yi tsere. Motoci suka tafi sumul, babu daskarewa babu ɓacewa. Baban Waya bai iya tuƙin ba ko kaɗan, ya daki shinge, ya hau kan ciyawa, sau ɗaya ma ya juya ya kama hanyar da ya fito yana ta gudu shi kaɗai. Yaya ya ci shi sau uku a jere. Bai damu ba, dariya yake yi har da hawaye, don duk kwanar da motar Yaya ta sha a gabansa ta cikin wayarsa ta biyo. Bayan nan Yaya ya kira 'yarsa, fuskarta ta fito tar a ɗakinsa, jikoki suna ɗaga hannu.

Ya taka zuwa ɗakin baya yana tafiyar da ya daɗe bai yi ba, hannu a baya, don ya karɓi abin da ya san yana jiransa. Ya riga ya shirya amsa ma, ta albasa. Yaya ya ɗago ya dube shi, ya gyara zama.

"Sannu da ƙoƙari. Aiki ya yi kyau, wallahi. Tsohon hannu daban ne."

Baban Waya ya tsaya yana jiran sauran. Babu saura. Yaya ya mayar da idonsa kan kwamfuta yana wasa da linzaminta. Mama ta leƙo da kofin ruwa, ita ma ta ce ai dama ta san zai iya, ta faɗa tana kallon labule.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara sittin da wani abu yana ƙanen mutumin nan, ya yi aure bai yabe shi ba, ya gina gida bai yabe shi ba, ranar da aka ba shi takardar yabo a wurin aiki cewa ya yi sun rasa wanda za su ba ne. Yau kuma ko Ƙadangare bai ce ba. Baban Waya ya sha ruwan, ya ajiye kofi, ya koma falo.

Ya zare kan robar daga bayan akwati ya kai bakin taga, ya ɗaga shi cikin haske ya gyara tabarau. Ruwan goro ne a farko. Sai farin kore shi kaɗai, sai shuɗaye biyu a tsakiya, sai koren can a bayansu, an raba shi da ɗan'uwansa. Wannan ba jerinsa ba ne, ko da bindiga ba zai jera haka ba. Ya duba rarar da ya naɗe, ta ragu da kusan tsawon yatsa. Ya duba leda, kawunansa huɗu suna nan. Matsin kuwa tsaf, ya fi nasa kyau, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Da farko ransa ne ya ɓaci, har kunnuwansa suka yi zafi. Da zafin ya sauka sai kunya ta maye gurbinsa, ya tuna yadda ya ƙwala wa Yaya kira, da tafiyar da ya yi hannu a baya. Ya daɗe tsaye a bakin tagar.

Matar Auta tana bayan kicin tana kwashe shanya, ranar ba ta da aiki. Da ta ga abin da ya taho da shi a hannu, ya jawo rarar wayar har bakin ƙofa, sai ta saki zanen da ta ɗauko cikin kwando ta sunkuyar da kai.

"'Yata, wannan aikin wa?"

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ban ce kin yi laifi ba. Tambaya na yi."

"Ni ce. Da ka tafi asibiti. Ina da kayan a jakata, aikina ke nan a ofis, ni nake ja musu waya ina haɗa kwamfutocin." Ta ɗago kai ta dube shi. "Na ga gobe Asabar ne, ban so mai gyaran ya zo ba."

"Wa ya sani?"

"Mama ce ta tsaya a ƙofa tana duba hanya. Ɗaya bakin kuma a ɗakin Yaya yake, a gabansa na yi. Shi ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba."

Baban Waya ya gyara tabarau. Ya miƙa mata kan robar. "To gaya mini. Kin raba kore da ɗan'uwansa, kin cusa shuɗi a tsakani. A wurinmu wanda ya yi haka korarsa ake yi. Me ya sa naki ya yi, nawa ya ƙi?"

Ta matso, ta nuna masa 'yan haƙoran ƙarfen da ke bakin robar da farcenta. "Ƙirga su, Baba, takwas ne. Kwamfuta tana magana ta na ɗaya da na biyu. Amma ji, ta na uku da na shida take ji, haka aka gina ta. To na uku da na shida su ne suke bukatar su zama tagwaye, murɗi ɗaya. Kai da ka jera su biyu-biyu a layi, na uku ya faɗa kan ruwan goro, na shida ya faɗa kan kore. A gajeriyar waya wani lokaci takan wuce, amma a mita arba'in ba za ta yarda ba."

Ya ƙura wa abin ido, leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Uku. Shida. Sai ya ɗago a hankali.

"Wato ni ne na raba tagwaye."

Ya sake duban kan robar.

"Kwana uku ina raba tagwaye, ina zagin firij." Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, marar daɗi. "Sabo turken wawa. Mita ba za ta nuna ba, ai na sani, ni nake gaya wa yara cewa mita ba ta ganin wannan. Ran Talata abin da kika so gaya mini ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"Na ce ki je kada ki makara."

Ya juya ya koma falo, ta biyo shi tana goge hannu. Ya durƙusa gaban tsummansa, ya ɗauki abin yanka, kafin ta ce wani abu ya datse kan robar, ya faɗi ƙasa ya yi tsalle. Mama da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

"Malam, abu yana aiki ka yanke? Gobe fa Asabar."

"Na san ranar. 'Yata, zauna nan. Kada ki taɓa, da baki za ki faɗa."

Ta zauna a gefen tsumman ta naɗe ƙafa. Ya feɗe, ya warware murɗin, ta riƙa kira yana jerawa: farin ruwan goro, ruwan goro, farin kore, shuɗi. A nan yatsunsa suka ƙi. Sau biyu suna kai kore kusa da ɗan'uwansa da kansu, sai ta ce, "Baba, shuɗi," ya ja tsaki ya mayar. Na farko da ya matse, sili biyu sun sauya wuri a ciki lokacin da yake zurawa, rawar hannu ta jawo. Ya yanke. Na biyu ya yi kyau a ido, amma ta karɓa ta duba ta ce ruwan ƙasa bai kai ƙarshe ba. Ya dube ta, ta dube shi, ba ta janye maganar ba. Ya yanke. Saura biyu a leda, baki biyu kuma suke jira.

Ya share zufa da hannun riga. Wannan karon ya daidaita silin a kan gwiwarsa, ya danne su da babban yatsa har suka kwanta, ya yanke bakinsu a layi ɗaya, ya riƙe numfashi ya zura. Ƙas. Ta juya shi a haske ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ya yi, Baba."

"Kada ki yi mini irin ta Yaya."

"Da bai yi ba zan faɗa. Na faɗa ɗazu ai."

Ya soka shi a bayan akwati, ya kwashi kayansa ya nufi ɗakin baya, ita da Mama suna biye. Yaya yana zaune gaban kwamfuta, wasansa ya tsinke tun ɗazu, ya ga abin yanka a hannun ƙanensa ya gane komai. Ya kawar da sandarsa daga hanya. Baban Waya ya zare kan da matar Auta ta yi, ya datse, ya zauna a ƙasa da ƙyar. Wannan karon bai bari ta kira masa ba, shi ya riƙa faɗa da bakinsa, ita tana gyaɗa kai. Ya zura na ƙarshen, ya matse, ya laluba bayan kwamfuta ya soka.

Fitila ta kawo kore. Su huɗu suka zuba mata ido. Ba ta ɗauke ba.

Baban Waya bai tashi ba, bai kuma waiwaya ba. Yana zaune a ƙasa, filaya a hannu, yana jira. Yaya ya yi gyaran murya, ya jawo madannan kwamfutar gabansa.

"Kwana biyar a kan igiya ɗaya, sai da yarinya ta karanta maka kamar ɗan aji ɗaya. Da haka ka yi wa gwamnati aiki ai gara da tarhon ya mutu. Tashi daga nan, Ƙadangare, ka tare mini iska. Je ka kunna motarka in ƙara cin ka, kuma wannan karon ka fuskanci gaba."

Baban Waya ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga, ya ce ƙurar bayan kwamfutar nan ce. Ya dafa gado ya miƙe.

"Ina zuwa, Yaya," ya ce. "Ka dai kula da rami."